Ko Kun Sani? Shirley McCay da Ƙwallon Gora

Ko kun san cewa Shirley McCay, 'yar wasan ƙwallon gora, ta buga wa ƙasar Ayalan wasa 316 daga 2007 zuwa 2021? Mai tsaron baya ce, haifaffiyar 1988, daga ƙauyen Drumquin. Ta yi wasa a kulob ɗin Ulster Elks da Pegasus, ta kuma taɓa zuwa Dragons na Beljiyam.

Shekarar da ba a mantawa ita ce 2018, a gasar cin kofin duniya ta mata a Landan. Babu wanda ya sa Ayalan a lissafi, don galibin 'yan wasanta ɗalibai ne da ma'aikata, ba da wasan suke ci ba. Sai ga su sun fitar da Indiya, sun fitar da Sifaniya, duk a bugun raba gardama. A wasan ƙarshe Holan ta lallasa su da ci 6 da nema, amma wa zai raina azurfa a hannun waɗanda aka ce rakiya suka zo?

McCay ta yi ritaya bayan gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021.