Yaƙin Sudan a Facebook: rumbun tallace-tallace na buɗe, amma jagorarsa a gajarce take

Tun ranar 15 ga Afrilu 2023 da rikici ya ɓarke a Khartoum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, fagen daga ya zama biyu. Ɗaya a titunan Khartoum da Omdurman, ɗayan a cikin wayoyin mutane. A watan Agusta na shekarar, kamfanin Meta ya sauke shafukan RSF da na shugabanta Mohamed Hamdan Dagalo, wato Hemedti, daga Facebook. Wannan ba shi ne karon farko ba. A 2021 kamfanin ya goge ɗaruruwan asusu da shafuka da ya ce suna da alaƙa da RSF. Kafin nan, ranar 30 ga Oktoba 2019, ya rufe wani gungun shafuka daga Rasha da ke yi wa 'yan Sudan farfaganda, waɗanda ya danganta da Yevgeny Prigozhin.

To ta yaya ɗan jarida zai gane wa ya biya kuɗi aka tura masa saƙo? A nan ne rumbun tallace-tallace na Meta ke shigowa. An buɗe shi da wannan sigar a 2019, kuma tallan siyasa da na batutuwan al'umma ana ajiye su shekara 7. Akwai kuma wata ƙofa da ake kira API, wadda mai ilimin kwamfuta ke amfani da ita ya jawo dubban talluka lokaci guda maimakon ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya.

Matsalar ita ce takardar bayanin da ke rakiyar wannan ƙofa. Tun a 2019 gidauniyar Mozilla ta gwada ta, ta kuma ruwaito cewa bincike iri ɗaya kan dawo da sakamako daban-daban, wani lokaci kuma ya yanke kafin ya kammala. A Afrilu 2024 Mozilla da kamfanin CheckFirst suka sake auna rumbunan manyan dandali, suka ce babu wanda ya cika sharuɗɗan da masu bincike ke buƙata.

Ga mai aiki kan Sudan, tambayoyi huɗu ne ke nuna ko jagorar manhaja ta amsa sunanta.

Na farko, shin ta faɗi abin da ba ta ƙunsa ba? Tallan da ba a yi masa rajistar siyasa ba, a wajen Tarayyar Turai, yawanci yana ɓacewa daga rumbun da zarar ya daina gudana. Idan jagora ba ta sa wannan a gaba ba, ɗan jarida zai ga fanko ya ɗauka babu tallan, alhali an yi an gama.

Na biyu, shin ta fayyace alƙaluma? Kuɗin da aka kashe da yawan waɗanda suka ga tallan ba a bayar da su daidai wa daida, ana ba da su ne tsakanin adadi kaza da kaza. Wanda bai karanta wannan ba zai buga lissafin da ba shi da tushe.

Na uku, yare. Talla a Sudan da Larabci ake yi, sau da yawa da Larabcin gida. Jagora ta gari za ta nuna yadda neman kalma ke aiki da rubutun Larabci, da misali.

Na huɗu, shin tana sanar da sauyi a kan lokaci? Ranar 14 ga Agusta 2024 Meta ta rufe CrowdTangle, manhajar da masu tantance labarai suka daɗe suna dogaro da ita, ta maye gurbinta da wata da shigarta ke da tsauraran sharuɗɗa. Ƙungiyoyi irin su Beam Reports ta Sudan, da ke bin diddigin labaran ƙarya, aikinsu ya rataya ne a kan irin waɗannan ƙofofi.

Ƙari a kan haka, intanet a Sudan ba abin tabbas ba ne. An katse shi fiye da wata guda bayan kisan masu zaman dirshan na 3 ga Yuni 2019, an sake shiga duhu a Fabrairu 2024. Wanda sai ya yi da gaske yake samun sa'a biyu a kan layi ba shi da lokacin gwada sa'a. Jagora mai kyau tana ba shi misalin da zai kwafa ya yi aiki nan take, tana kuma fassara masa kowane saƙon kuskure.

Darasin bai tsaya a bakin Nilu ba. Najeriya na tunkarar zaɓen 2027, kuma ɗakunan labarai a Kano da Kaduna za su buƙaci sanin wa ke biyan tallan da ke cika wayoyin masu zaɓe. Kafin edita ya yarda da alƙaluman da manhaja ta fitar, ya fara tambayar ma'aikacinsa: ka karanta jagorarta, kuma me ta ce ba ta ɗauke da shi?