Ran Da Aka Daina Jin Muryar Tonga

Kowa ya tashi a ƙauye ya san yadda a ke kashe gobara. Kafin a nemi ruwa kururuwa a ke fara yi. In matar gida ta ƙwala ihu maƙwabta suka ji, sa'an nan ne za ka ga mai tulu da mai masaki da mai ɗanyen ganye sun sheƙo a guje. Amma gidan da ke can bayan gari, inda ba mai jin ihun masu shi, ko da rijiya a ƙofarsa toka a kan tarar da safe. To, yau ina so in ba masu karatu labarin wata ƙasa wadda masifa ta auka mata ta kuma toshe mata baki a sa'a guda, da yadda taurarin ɗan'adam suka ara mata murya.

Sunan ƙasar Tonga. Tsibirai ne wajen 170 a warwatse cikin tekun Fasifik, gabas da Fiji, kaɗan daga cikinsu ne ke da mutane. Jama'arta duka 100,000 ne da 'yan kai, suna da Sarkinsu, babban birninsu kuwa Nuku'alofa. Daga 2013 har zuwa lokacin wannan masifa maganarsu da sauran duniya, ko ta tarho ko ta intanet ko aikin banki, ta cikin waya guda ɗaya tak ta ke bi, wadda aka shimfiɗa ƙarƙashin teku zuwa Fiji. Tsawonta mil 500 da ɗoriya, kamar daga Kano zuwa Ikko ke nan in an miƙe ba ratse, kaurinta kuwa bai fi na tiyon ban ruwa ba.

Ran Asabar, 15 ga Janairu, 2022, da la'asar, wani dutse mai aman wuta da ke cikin teku, mil 40 arewa da babban birnin, wanda a ke kira Hunga Tonga-Hunga Ha'apai, ya fashe. Toka da tururi suka tashi sama har mil 35. An ji ƙararsa a Niyu Zilan, an ji ta har Alaska. Teku ta yi toroƙo ta hau tudu, a waɗansu gaɓoɓi tsayin igiyar ruwan ya kusa ƙafa 50. Can ƙarƙashin ruwa kuma tarkacen dutsen ya gangara da gudu ya tsittsinke wayar nan, ya binne ta. Daga nan ƙasa guda ta yi tsit.

Abin mamakin shi ne, duniya duka ta ga abin da ya faru. Taurarin duba yanayi na Japan da na Amurka sun ɗauki hoton fashewar daga sama, kafin gari ya waye kowa ya ga toka ta buɗe bisa teku kamar laima. An ce gani ya kori ji, amma ran nan gani bai wadatar ba. Mutanen Tonga da ke ci-rani a Niyu Zilan da Ostareliya da Amurka suna da yawa ƙwarai, kuɗin da su ke aikowa gida kuwa shi ke riƙe da gidaje masu yawa. Suka yi ta buga waya dare da rana ba ta shiga. Hoto ya nuna toka, bai faɗi wa ke da rai ba, bai kuma faɗi cewa tokar ta ɓata ruwan sama da mutane ke tarawa a tankuna don sha ba. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

Ɗan labarin da ya fito a kwanakin farko ta 'yan wayoyin tauraro ya fito, waɗanda da ma suna cikin ƙasar kafin abin ya faru, a ofisoshin jakadancin Niyu Zilan da Ostareliya da hannun 'yan ma'aikata kaɗan. Wani likita, ma'aikacin Hukumar Lafiya ta Duniya, yana da guda. Da ya ke irin wannan waya ba ta aiki sai tana ganin sararin sama, sai ya riƙa tsayawa a waje tun asuba har dare, yana karɓar saƙo yana miƙawa tsakanin Gwamnatin Tonga da hukumomin agaji. Ita ma maganar ba daɗi, don toka ta cika iska. Sai ran 18 ga wata Gwamnati ta sami fitar da sanarwarta ta farko: mutum uku sun rasu, a tsibirin Mango ba gidan da ya rage a tsaye, a Fonoifua biyu suka rage, abin da a ke bukata da gaggawa ruwan sha. Ran 20 jiragen sama na agaji suka sauka, bayan mutane sun share tokar filin jirgi da tsintsiya da shebur. Kashegari jirgin ruwan Niyu Zilan ya iso da ruwan sha lita 250,000.

Ya kamata a nan in tsaya in bayyana wa malamai yadda abin ya ke, domin na lura akwai ruɗu a ciki. Na taɓa tambayar wani aji a kwalejin horon malamai ta ina magana ke bi in mutum ya kira ɗan'uwansa a Makka. Kusan dukansu sama suka nuna. Alhali kuwa wayar da ke aljihunka ba ta san sama ba. Da dogon ƙarfen nan na bayan gari ta ke magana, wanda bai fi 'yan mil daga gare ka ba. Shi kuma ƙarfen sai da wutar lantarki ko janareta, sai da waya da ta haɗa shi da babbar tasha, babbar tasha kuma sai da wayar ƙarƙashin teku, wadda ta cikinta kusan dukan maganar da ke ƙetare teku ke bi. Sarƙa ce, kowace gaɓa tata a ƙasa ta ke ko cikin ruwa, watau daidai inda ambaliya da girgizar ƙasa da guguwa ke ɓarna.

Wayar tauraro ta tsallake duk wannan. Daga hannunka magana ta kan tashi kai tsaye zuwa tauraro, shi kuma ya sauke ta a wata tasha cikin wata ƙasa mai nisa inda masifar ba ta kai ba, daga can ta shiga wayoyin duniya. Taurarin iri biyu ne. Akwai na nesa, mil 22,000 bisa tsakiyar duniya. A wannan nisa tauraro ya kan kewaye duniya sau ɗaya a yini da kwana, daidai da juyawarta, saboda haka a ganinmu tsaye ya ke wuri guda, in an saita faranti gare shi shi ke nan. Wani Bature, Arthur C. Clarke, tun 1945 ya rubuta cewa uku irin wannan sun isa su game kusan duniya duka. Irinsu ne na Inmarsat, wadda aka kafa a 1979 domin ceton jiragen ruwa, da na Thuraya, wadda direbobin hamada masu bin hanyar Agadas suka sani sarai. Aibinsu nisa: kafin magana ta hau ta sauko ta kan ci rubu'in daƙiƙa, shi ya sa masu magana kan riƙa katse juna ba da nufi ba. Sa'an nan akwai na kusa, masu gudu. Iridium na da 66 a nisan mil 485, kowanne ya kan kewaye duniya cikin minti 100, in wannan ya wuce ya miƙa maganarka ga na bayansa. Na Starlink kuwa dubbai ne.

Mu a Nijeriya ba baƙi ba ne ga wannan al'amari. Ran 23 ga Agusta, 1963, Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy na Amurka ta tauraron Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwa mai suna Kingsport da ke tsaye a tashar Ikko. Wannan ne karo na farko da shugabannin gwamnati biyu suka zanta ta tauraron ɗan'adam.

Mu koma Tonga. Bayan 'yan kwanaki kamfanin Digicel ya haɗa waɗansu ƙarafansa da farantin tauraro, aka fara samun kiran waje, ko da ya ke hanyar matsattsiya ce, kamar jama'ar kasuwa ce a ce su fita ta ƙofar ɗaki. Cikin Fabrairu aka ba ƙasar kyautar faranti 50 na Starlink. Jirgin gyaran waya, Reliance, sai da ya taso daga Papuwa Niyu Gini, ya yi makonni yana lalube a gindin teku, ya tarar wajen mil 55 na wayar ya lalace. Ran 22 ga Fabrairu aka haɗa ta, kwana 38 ke nan. Tsibiran Vava'u da Ha'apai kuwa, da ya ke tasu wayar ta cikin gida ita ma ta tsinke, shekara guda da rabi suka yi suna dogara ga tauraro kafin a gyara ta a 2023.

A ganina abin lura cikin labarin nan shi ne, cikin kwana ukun farko, sa'ad da rai ke hannun Allah, kayan da suka yi amfani su ne waɗanda da ma suna nan, da batir cike, a hannun wanda ya iya su. Kyautar da ta zo bayan wata guda an gode, amma ba ita ta kira jirgin ruwan sha ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ba kuwa a ce ba a yi musu gargaɗi ba, gama a Janairu 2019 wayar nan ta taɓa tsinkewa har kusan mako biyu.

Akwai kuma wani cikas wanda ba toka ta kawo shi ba. Gwamnatoci ba su son wayar da ba ta bi ta tasharsu, suna kuwa da hujja, don abin da mai agaji zai yi amfani da shi ɗan ta'adda ma zai yi. A Indiya laifi ne shiga da Thuraya ko Iridium ba izini, a Borno ma sojoji sun hana amfani da Thuraya a 2013. Saboda haka a kan sami masu agaji sun iso da kaya, kaya su kwanta a kwastan ana jiran lasin, mutane na mutuwa. Domin warware wannan ne ƙasashe suka taru a birnin Tampere na Finlan a 1998, suka ƙulla yarjejeniya cewa ranar masifa a sassauta wa kayan sadarwa dokokin lasin da na kwastan. Amma ba ta fara aiki ba sai ran 8 ga Janairu, 2005, mako biyu bayan ambaliyar tekun Indiya ta ci mutum fiye da 200,000. Har yau kuwa ba kowace ƙasa ta shiga ba.

Kada wani ya ce ina ruwanmu da tsibiran da ke ƙarshen duniya. Ran 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka tsinke a gaɓar Kodebuwa, bankuna da ofisoshi a Nijeriya da Ghana suka ji a jikinsu. Cikin Satumba na shekarar nan madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya ci babban yanki na Maiduguri cikin dare. Ƙarfen waya da janaretansa ba su fi gida ƙarfin ruwa ba. Ni dai da za a tambaye ni, da na ce kowace ƙaramar hukuma ta ajiye wayar tauraro guda da farantin hasken rana na caji, a san sunan mai riƙonta da mataimakinsa, a riƙa gwada ta kowane wata. Wadda aka kulle a durowa shekara uku, aka bar kuɗin layinta ya ƙare, ba waya ba ce, nauyi ce.

Sauran aikin kuwa namu ne, akawuna da malaman makaranta, don ƙarfe ba ya ƙirga gidaje. In ruwa ya ci gari makaranta a kan fara kwashe mutane, malami ne ke da rajista, akawu ne ya san ƙauyuka da masu unguwanninsu. Hanyar tauraro matsattsiya ce, mintinta da tsada, batir kuma na gudu. Wanda aka miƙa wa ita ya kamata ya zo da takarda a hannu: sunan gari, mutum nawa, nawa suka ji rauni, wace hanya ta yanke, ina mota za ta iya bi, me a ke bukata yau, me zai iya jira. Sanarwar Gwamnatin Tonga ta ran 18 ga wata irin wannan ce, aikin akawu sosai. Dattawanmu da suka yi zamanin tangaraho, sa'ad da a ke biyan kowace kalma, sun gwanance da wannan, mu ne muka sake.

Na kan ba ɗalibai wannan aiki a aji. In ce ruwa ya ci ƙauyenku, kowa ya rubuta wa Hakimi rahoto cikin kalma 30. Mafi yawansu kalma 30 ɗin ta kan ƙare ba su gama gaisuwa ba.