Apophis: Dutsen da zai gifta ta saman Zuru a 2029 ba tare da ya faɗo ba

Ranar Juma'a 13 ga Afrilun 2029, bayan sallar isha'i, duk wanda ya ɗaga kai a Rikoto ko wata unguwa ta garin Zuru zai iya hango wani ɗigon haske yana tafiya a hankali cikin taurari, daga gabas zuwa yamma. Ba jirgi ba ne, ba kuma tauraruwa mai wutsiya ba. Wani dutsen sararin samaniya ne da ake kira Apophis, kuma Afirka na cikin yankunan da za su fi ganinsa da kyau.

Kafin ranar ta zo, ba za a rasa masu yaɗa saƙonni a WhatsApp cewa dutsen zai tarwatsa duniya ba. Lissafin masana ya nuna akasin haka.

Masana ilimin taurari uku ne suka gano dutsen a watan Yunin 2004 a cibiyar Kitt Peak da ke jihar Arizona ta Amurka. Faɗinsa ya kai kimanin mita 340, wato ya fi tsawon filin ƙwallo uku a jere, kuma siffarsa ta yi kama da ta gyaɗa mai ƙwaya biyu. Yana kewaya rana cikin kwana 324, hanyarsa kuma na ratsa ta kusa da wadda duniyarmu ke bi, shi ya sa yake kusantarmu lokaci zuwa lokaci.

A Disambar 2004 hankali ya tashi, domin lissafin farko ya nuna yiwuwar kashi 2.7 cikin 100 cewa zai yi karo da duniya a 2029. A lokacin an san ɗan guntun hanyarsa ne kawai. Da aka ƙara bibiyarsa sai hasashen ya rushe. A watan Maris na 2021, bayan an auna shi da na'urar rada ta Goldstone a Kalifoniya, hukumar NASA ta sanar cewa babu barazanar karo na aƙalla shekara 100.

Duk da haka kusancin abin mamaki ne. Da misalin ƙarfe 10:46 na dare agogon Najeriya zai wuce da tazarar kilomita 32,000 daga doron ƙasa. Taurarin ɗan'adam na sadarwa irin NigComSat-1R na Najeriya suna kusan kilomita 36,000, wata kuwa yana kilomita 384,000. Ƙarfin jan duniya zai karkatar da hanyarsa, ta yadda daga nan kewayensa na rana zai koma fiye da shekara guda. NASA ta tura kumbon OSIRIS-APEX domin ya riske shi bayan giftawar, ya duba yadda jikinsa ya sauya.

Waɗanda suke faɗowa a zahiri galibi ƙanana ne. A Oktoban 2008 an hango wani mai faɗin kusan mita 4 ƙasa da kwana guda kafin ya fashe a saman hamadar arewacin Sudan, karo na farko ke nan da aka yi hasashen faɗowar irinsa. Arewacin Najeriya ma ba baƙo ba ne: ranar 3 ga Oktoban 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a wata gona a Zagami, cikin jihar Katsina ta yanzu, daga baya bincike ya nuna daga duniyar Mars ya fito.

Ganin Apophis ba ya buƙatar na'ura. Daren ba shi da farin wata, don haka idan hadarin farkon damina bai rufe sama ba, ya isa mutum ya nisanci hasken fitila ya zuba ido. Malaman kimiyya a makarantun Zuru na da damar shirya ɗalibansu tun yanzu, domin giftawar dutse mai wannan girma kusa haka sai an yi dubban shekaru.