Kuɗi da Digiri Ba Su Kare Su Ba: Baƙar Mace da Haihuwa a Amurka

A gasar Olamfik ta 2016 da aka yi a birnin Riyo na ƙasar Brazil, mata huɗu 'yan Amurka, dukkansu baƙar fata, suka ci zinare a tseren miƙa sanda na mita ɗari-ɗari: Tianna Bartoletta, da Allyson Felix, da English Gardner, da Tori Bowie. Da a ranar aka ce a nemo matan da suka fi kowa ƙoshin lafiya a duniya, ba sai an je da nisa ba. Amma kafin shekara bakwai ta cika, haihuwa ta kai uku daga cikinsu bakin kabari. A 2018 aka yi wa Felix tiyatar gaggawa aka ciro 'yarta ciki yana mako 32, saboda hawan jinin masu ciki ya yi mata mugun kamu. Ita ma Bartoletta naƙuda ta zo mata tun ciki bai isa haihuwa ba, da ƙyar ta sha. Bowie kuwa ba ta sha ba. A watan Mayun 2023 aka tsinci gawarta a gidanta da ke jihar Florida, tana da shekara 32, da cikin wata takwas, naƙuda ta riga ta kama ta. Rahoton binciken gawar ya ambaci jijjiga cikin abubuwan da ake zargi. Jaririyar ma ba ta rayu ba.

Wani zai ce ai ƙaddara ce, kuma babu mai musun ƙaddara. Sai dai alƙaluman gwamnatin Amurka da kanta sun nuna wannan ƙaddarar ta san gidajen da ta fi yawan zuwa. Hukumar CDC, mai yaƙi da cututtuka a ƙasar, ta ce a 2021 cikin kowace haihuwa 100,000, mata baƙar fata kusan 70 ne suka mutu, farare kuwa kusan 27. Shekarar annobar korona ce, shi ya sa adadin ya yi tsalle. Zuwa 2023 na farare ya sauko ƙasa da 15, na baƙaƙe ya tsaya a wajen 50. An fita daga annobar, amma ratar ta ƙara faɗi, ta haura ninki uku. A ƙasashe irin su Japan da Norway adadin bai kai biyar ba. Haka kuma kwamitocin da ke bin diddigin kowace irin wannan mutuwa a jihohin Amurka sun gano cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari da an iya kauce musu.

Na san mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya taɓe baki. Mu da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa Nijeriya a kusan mace dubu ɗaya cikin haihuwa 100,000, ina mu ina kukan 50? Gaskiya ne, ba a haɗa su a sikeli ɗaya. Amma tamu matsalar an san bakinta: babu asibiti kusa, babu motar zuwa, babu jinin ƙari, babu wuta a ɗakin tiyata. Amurka tana da duk waɗannan, har ta fi kowace ƙasa kashe kuɗi a kan lafiya. In aka kawar da rashin kayan aiki, abin da ya rage yana kashe mata shi ne ya kamata mu zuba wa ido, domin shi ma muna da irinsa, yawan sauran matsaloli ne ya rufe shi.

Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce talauci, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A Amurka magani da inshora ake yin sa, baƙar fata kuma sun fi rasa ta, sun fi zama a unguwannin da asibitocinsu ba su da ƙarfi, sun fi shiga ciki da hawan jini ko ciwon suga. Amma da talauci ne kaɗai, da ilimi da albashi mai tsoka sun raba gardama. Ba su raba ba. Da CDC ta duba mace-macen 2007 zuwa 2016, sai ta ga baƙar mace mai digiri ta fi farar mace mai digiri haɗarin mutuwa ninki biyar. Abin da ya fi ɗaure kai, ta fi ma farar macen da ba ta gama sakandare ba.

Shalon Irving tana cikin masu digirin nan. Tana da digirin digirgir, kuma a ita CDC ɗin take aiki, tana nazarin yadda rashin daidaito ke jawo wa mutane cuta. A watan Janairun 2017 ta haifi 'ya mace ta hanyar tiyata. Bayan an sallame ta jikinta ya ƙi daɗi: ƙafa ta kumbura, nauyi yana ƙaruwa maimakon ya ragu, kai yana ciwo, jini yana hawa yana sauka. Ta yi ta komawa wurin masu duba ta tana faɗin abin da take ji, ana mayar da ita gida. Mako uku da haihuwa ta yanke jiki ta faɗi a gida, sa'o'i kaɗan da dawowarta daga asibiti, kuma ba ta sake farfaɗowa ba. Shekararta 36. Tana da inshora mai kyau, ta san sunan kowace cuta, ga mahaifiyarta a gefe tana taya ta jego.

Daga nan sai wasu su koma kan halitta, su ce wataƙila jinin baƙar fata ne haka. Likitoci biyu, Richard David da James Collins, sun gwada wannan zance a wani bincike da suka wallafa a 1997. Sun duba nauyin jariran da aka haifa a jihar Illinois, suka kasa iyayen gida uku: farare haifaffun Amurka, baƙaƙe haifaffun Amurka, da baƙaƙen da aka haifa a Afirka suka yi ƙaura, akasarinsu daga yankinmu na Afirka ta Yamma. Da jini ne, da matan Afirka sun fi kowa haihuwar jarirai marasa nauyi. Sai aka ga jariransu sun fi kusa da na farare, na baƙaƙen Amurka ne a can baya. Ashe ba daga Afirka aka taho da abin ba, a can ake samunsa. Wata masaniya mai suna Arline Geronimus ta riga ta kawo bayani tun 1992. A ganinta, zama cikin wariya shekara da shekaru, da fargabar yau da gobe, da kullum sai mutum ya nuna shi ma ya isa, suna cin jiki a hankali kamar yadda damina ke zaizaye katangar ƙasa. Mace tana shekara talatin, amma jijiyoyin jininta sun girme ta.

Ni dai a nawa ganin, mafi munin lamarin yana faruwa ne a cikin 'yan mintunan da mace ke buɗe baki ta ce wani abu yana damunta. Serena Williams, wadda ta ci manyan kofunan tanis 23, ta haihu ta tiyata a farkon Satumban 2017. Washegari numfashinta ya fara sarƙewa. Ta san wannan alama, domin a 2011 gudan jini ya taɓa toshe mata hanyar huhu. Ta lallaɓa ta fita daga ɗaki don kada hankalin mahaifiyarta ya tashi, ta sami ma'aikaciyar jinya, tana haki ta gaya mata ainihin abin da take buƙata: hoton huhu na CT da ƙarin ruwa mai maganin tsinka jini. Ma'aikaciyar ta ɗauka maganin kashe zafi ne ya ruɗa ta. Da ta nace, sai aka fara da hoton ƙafafu, ba a ga komai ba. Sai daga baya aka yi na huhun, ga gudajen jini nan kwance. Tarin da ta riƙa yi ya farke ɗinkin tiyatar, aka sake shiga da ita, ta shafe mako shida a gado. Ita da bakinta ta ba mujallar Vogue wannan labari a 2018. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai da mai ɗakin nan ta yi gardama kafin a ɗaga kai a dubi rufin. In haka ta faru da matar da duniya ta san fuskarta, sai a ƙiyasta yadda mai sharar otal za ta kaya.

Wannan rashin saurare yana da saiwa. A 2016 masu bincike a Jami'ar Virginia suka yi wa fararen ɗaliban likitanci da sababbin likitoci 222 tambayoyi, sai aka sami rabinsu sun yarda da aƙalla ƙarya ɗaya game da jikin baƙar fata, kamar cewa fatarsa ta fi kauri. Masu wannan tunani sun fi raina zafin da baƙin majinyaci ke ji. Ƙaryar kuwa tsohuwa ce, tun zamanin bauta ake yawo da ita, kuma a nan tarihin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Tsakanin 1845 da 1849, a garin Montgomery na jihar Alabama, wani likita J. Marion Sims ya yi ta gwajin ɗinkin yoyon fitsari a jikin bayi mata, ba tare da maganin sa barci ba. Sunayen uku kawai aka sani: Anarcha, da Betsey, da Lucy. Anarcha kaɗai an yi mata aiki kusan sau 30 kafin ɗinkin ya kama. Baiwa ba ta da bakin cewa a'a, izinin ubangidanta ake nema. Masu kare Sims suna cewa a lokacin maganin sa barci bai yaɗu ba, kuma matan suna cikin azabar ciwon. Ko an karɓi wannan uzuri, tambayar tana nan: me ya sa a jikinsu aka koyi aikin? Yau a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana ɗinke dubban mata, da sauran cibiyoyin yoyon fitsari na Arewa, aikin da ake yi jikan wancan gwaji ne, har akwai ƙarfen duba mata da ke ɗauke da sunan Sims. An tumɓuke gunkinsa daga dandalin Central Park na birnin New York a 2018, aka kuma kafa wa matan uku nasu a Montgomery a 2021.

Har na'ura ba ta tsira ba. Ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa don auna iskar da ke cikin jini da haske yake aiki, kuma wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna ya fi ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan ninki uku. A Birtaniya ma, inda magani kyauta ne ga kowa, wani rahoto na 2018 ya nuna baƙar mace ta fi fara haɗarin mutuwar haihuwa ninki biyar. Ratar ta ragu daga baya, amma ba ta rufe ba.

Akwai kuma wani yabo mai cutarwa. A Amurka ana yi wa baƙar mace kirari da ƙarfin hali, wai ita ba ta karaya. Mu ma mun san irinsa: mai naƙudar fari da ta cije ba ta yi kuka ba ita ce jaruma, wadda ta yi ƙara a ce raki gare ta, wani lokaci ma daga bakin ungozomar da ke kanta. A asibitocinmu mai duba da wadda ake dubawa launinsu ɗaya, don haka ba fata ke raba su ba, sai dai sutura, da Turanci, da ko ta zo da wani wanda ake jin kunyarsa. Amma sakamakon iri ɗaya ne. Wadda aka saba ganin tana daurewa, ranar da ta ce ba ta iyawa sai a ce ta ƙara haƙuri.

Kakanninmu da ke cewa kabarin mai jego a buɗe yake har ta yi arba'in sun fi tsarin lafiyar Amurka hangen nesa a wannan fanni. Fiye da rabin mace-macen nan suna aukuwa ne daga mako guda bayan haihuwa zuwa shekara, lokacin da hankalin kowa ya koma kan jariri. Ga shi kuma inshorar gwamnati ta marasa ƙarfi, Medicaid, wadda ke biyan kuɗin haihuwar yawancin mata baƙar fata, a da kwana 60 bayan haihuwa take yankewa. Wata doka ta 2021 ce ta ba jihohi damar tsawaita ta zuwa shekara guda, kuma kusan dukkansu sun karɓa. Jihar California ta bi ta wata hanyar: ta rage dogaro da ganin damar ma'aikaci. Maimakon a ƙiyasta jinin da mace ta zubar da ido, sai a ɗora ƙyallen da ya jiƙe a sikeli, in ya kai wani adadi dole a ɗauki mataki, ko wace ce a kan gadon. Daga 2006 zuwa 2013 mutuwar masu haihuwa a jihar ta ragu da fiye da rabi. Baƙaƙe sun amfana, farare sun amfana, amma ratar da ke tsakaninsu tana nan.

A majalisar dokokin tarayya kuwa, 'yan majalisa Lauren Underwood da Alma Adams, tare da Kamala Harris tana sanata a lokacin, sun gabatar da wani kunshin ƙudurori a 2020 da suka kira Momnibus, don samar da kuɗin horar da ƙarin ungozomomi, da tallafa wa ƙungiyoyin unguwa masu raka mata awo da ɗakin haihuwa, da gyara yadda ake tattara alƙaluma. A 2021 aka sake gabatar da shi da ƙudurori goma sha biyu. Guda ɗaya ne ya zama doka a shekarar, wanda ya shafi matan da suka yi aikin soja.