Tafkin Lanier: Gida Na Mai Saye, Ruwa Na Gwamnati

A arewa maso gabashin birnin Atlanta na jihar Jojiya a ƙasar Amurka, akwai wani makeken tafki mai suna Lanier, wanda ya samu bayan da sashen injiniyoyin sojan ƙasar ya datse kogin Chattahoochee da madatsar Buford a shekarar 1956. Faɗinsa ya kai kimanin eka 38,000, tsawon gaɓarsa kuma ya haura kilomita 1,000.

An gina madatsar ne domin samar da wutar lantarki, da hana ambaliya, da sauƙaƙa zirga-zirgar jiragen ruwa. Amma da Atlanta ta bunƙasa, sai tafkin ya zama babban tushen ruwan shan mazaunanta, gonakin da ke kewaye da shi kuma suka koma unguwannin masu hannu da shuni, da otal-otal, da wuraren hayar kwale-kwale.

Sai dai wanda ya sayi gida a nan bai sayi bakin ruwan ba, domin gaɓar tana hannun gwamnatin tarayya. Duk mai son kafa wurin ɗaure kwale-kwalensa sai ya nemi izini na shekara biyar, kuma tun 2004 aka ƙayyade yawan izinin a kan 10,615. Wannan ne ya sa gidan da ke da izini ya fi na maƙwabcinsa tsada.

Haka kuma yawan ruwan ba a hannun masu gidaje yake ba. A lokacin farin 2007, tafkin ya ragu da kimanin ƙafa 20, wuraren ɗaure kwale-kwale suka zauna a kan taɓo, ciniki ya ja baya. Bugu da ƙari, tun 1990 jihohin Alabama da Fulorida suka shiga shari'a a kan rabon ruwan. A 2009 wani alƙali ya ce doka ba ta ware tafkin domin shayar da Atlanta ba, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2011, sannan a 2021 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar Fulorida.

Saboda haka, wajibi ne mai zuba jari a bakin kowace madatsa ya fara binciken hukumar da ke da ikon sakin ruwan, da waɗanda doka ta fifita idan ruwan ya yi ƙaranci, kafin ya biya kuɗin fili.