Shirin Musamman: Youssoufa Moukoko, Ɗan Unguwar Briketeri da Ya Kafa Tarihi a Jamus

Gaisuwa ta musamman ga ma'abota gidajen kallon ƙwallo na Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda ba sa bari wasan Turai ya wuce su ko da sai an yi karo-karon kuɗin man janareta. Yau shirin namu zai duba rayuwar wani matashin ɗan wasan Jamus, Youssoufa Moukoko, wato Yusufa a bakinmu.

Duk wanda fatauci ya taɓa kai shi Yawunde, babban birnin Kamaru, ya san unguwar Briketeri. Nan ce unguwar Hausawa da sauran Musulmi, unguwar masallatai da teloli da masu tsire. A nan Yusufa ya tashi a hannun kakanninsa. Takardunsa sun nuna an haife shi ranar 20 ga Nuwamba, 2004. Ku riƙe wannan rana, don kusan dukkan labarin a kanta ya rataya.

A 2014 aka kai shi Hamburg, ya shiga ƙungiyar yara ta St. Pauli. Bayan shekara biyu Borussia Dortmund ta ɗauke shi. Daga nan sai ruwan ƙwallaye. Yana ɗan shekara 12 zuwa 13 aka haɗa shi da 'yan ƙasa da 17, ya ci 40 a kaka guda. Da aka matsar da shi cikin 'yan ƙasa da 19, ya ci 34 a wasa 20. Yaro ya fi ƙarfin sa'o'insa, ya fi ƙarfin yayyensa, amma doka ta hana shi buga wa manya. A 2020 hukumar gasar Bundesliga ta sauko da mafi ƙarancin shekarun shiga gasar zuwa 16, kowa kuma ya san wanda zai fara cin moriyar wannan sauyi.

Ya cika 16 ranar Juma'a. Ranar Asabar, 21 ga Nuwamba, 2020, Dortmund ta je Berlin wasa da Hertha. Lokacin annobar korona ne, babban filin nan fayau, babu ɗan kallo ko ɗaya, sai muryar koci da ƙarar ƙwallo. Hertha ce ke gaba da ci 1 da aka tafi hutun rabin lokaci. Da aka dawo Erling Haaland ya zura huɗu shi kaɗai. A minti na 85 koci Lucien Favre ya fitar da Haaland, ya sa yaro mai lamba 18. Shekara 16 da kwana 1. Kwana ɗaya tak, masu sauraro! Ba a taɓa samun mai ƙarancin shekarunsa a Bundesliga ba. An tashi 5 da 2.

To ga inda labarin ya biyo ta gida. Ranar 8 ga Disamba ya shiga wasan Gasar Zakarun Turai da Zenit ta Rasha yana da shekara 16 da kwana 18. Tarihin wa ya goge na mafi ƙarancin shekaru a gasar? Na Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna. A Nuwamban 1994 Babayaro ya buga wa Anderlecht ta Beljiyam wasa da Steaua ta Romaniya, bai kai wata uku da cika 16 ba. Abin dariyar shi ne, a ranar da ya kafa tarihin, a ranar alƙalin wasa ya ɗaga masa jan kati tun kafin hutun rabin lokaci. Ya shiga littafin tarihi, ya fita daga fili, duk a yini guda. Amma dai tarihin ya zauna a hannunsa shekara 26. Shi ne kuma Babayaron da ya ci wa Najeriya ƙwallo da ka a wasan ƙarshe na Olamfik ɗin Atlanta na 1996, ranar da aka doke Ajantina 3 da 2, daga baya ya koma Chelsea. Ɗan Kaduna ya riƙe, ɗan Briketeri ya karɓa.

Kwana goma bayan wasan Zenit, Yusufa ya zura wa Union Berlin ƙwallo, ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya ci ƙwallo a Bundesliga. A 2022 Jamus ta tafi da shi Kofin Duniya a Katar, ya shigo a ƙarshen wasan da Japan ta doke su 2 da 1, kwana uku da cikarsa 18.

Sai dai tun yana cikin yara ake ƙus-ƙus a Jamus cewa anya shekarun nan daidai ne? Jaridu sun sha tayar da maganar, wasu na cewa ya girmi abin da takarda ta nuna. Dortmund dai ta tsaya a kan takardun hukuma, da su kuma yake buga wasa. Mu a nan ba baƙin wannan magana ba ne. Kowa ya san abin da ake kira rage shekaru. A 2009, da Najeriya ta karɓi baƙuncin Kofin Duniya na 'yan ƙasa da 17, har aka buga wasanni a Kano da Kaduna da Bauchi, FIFA ta shigo da hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI don tantance shekarun 'yan wasa. Da yawa sun rasa gurbi a dalilin wannan gwaji.

Lokaci na neman ƙure mana. A taƙaice, tauraron Yusufa bai ci gaba da haske yadda aka zata ba. Rauni ya dame shi, benci ya riƙe shi a Dortmund. A 2024 aka ba da aronsa ga Nice ta Faransa, can ma bai samu wuri ba. A 2025 aka sayar da shi ga FC Copenhagen ta Denmak.

Saƙonmu ga iyaye da masu horar da yara a Birnin Kudu da Gwaram shi ne, yaron da ke burin sa rigar Jigawa Golden Stars ko ta wata ƙungiya a waje, za a tambaye shi takardar haihuwa kafin a tambaye shi ƙafar da yake bugu da ita. A yi wa jariri rajista da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tun ana shirin suna, a adana takardar, kada kuma a bari wani dillali ya taɓa ta.