Ƙirji ma yana son a motsa shi

Ƙasusuwan haƙarƙari 24 ne a jikin mutum, 12 a kowane gefe, kuma duk suna haɗe da ƙashin baya ta ƙananan gaɓoɓi. Ta gaba, bakwai na sama suna manne da ƙashin ƙirji ta guringuntsi, uku na biye sun rataya a jikin na samansu, biyun ƙarshe kuwa ba su kai gaba ba. Duk shaƙar da ka yi, tantanin da ya raba ƙirji da ciki yakan sauka, haƙarƙari su ɗaga su buɗe kamar zugazugin maƙeri. Baligi a zaune yakan yi haka sau 12 zuwa 20 a minti.

To, dubi tela a kan kekensa: kai a sunkuye, kafaɗu sun lanƙwaso gaba, gadon baya ya tanƙware. Haka direba yake wuni, haka mai danna waya. A wannan zama haƙarƙari ba sa samun wurin buɗewa, sai numfashi ya koma sama-sama, tsokokin wuya su ɗauki aikin da ba nasu ba. Da yamma ka ji mutum yana cewa ƙirjinsa ya riƙe.

A ganina, wanda zai yi abu ɗaya kawai, ya yi wannan. Ka zauna, ka zagaya tawul a ƙasan haƙarƙarinka, ka riƙe bakinsa biyu ta gaba. Shaƙi iska ta hanci a hankali har ka ji gefunanka da bayanka suna tura tawul ɗin. Kafaɗu kada su ɗaga. Nan ne yawanci ake kuskure. Sai ka saki iskar sannu, fitarta ta fi shigarta tsawo. Sau biyar ya isa.

Bayan nan ka kwanta ta gefe a tabarma, gwiwoyi a lanƙwashe, ka ɗaga hannun sama ka kai shi baya, ƙirji na bin sa, idonka na kan tafin hannun. Ka juya ɗaya gefen. Ba a yin sa da ƙarfi, musamman ga dattawa, don guringuntsi yana taurara da shekaru.

Amma ciwon ƙirjin da ya zo da gumi, ko sarƙewar numfashi, ko ya sauka hannu ko muƙamuƙi, zai iya zama na zuciya: a tafi asibiti nan take. Tarin da ya wuce mako biyu kuma, a je a yi gwajin tarin fuka.